Mota Ta Hannu: A Buɗe Mata Littafi

Ina so in yi amfani da wannan fili da aka ba mu a mujallar makarantarmu in yi magana a kan wani abu da na daɗe ina juyawa a zuciyata. Na san wani zai ce, ina ruwan ɗan makaranta da zancen mota, shi da ko keke bai mallaka ba? To amma in muka duba da kyau, da yawa daga cikinmu da kuɗin mota ake saya mana littafi da sabulu. Wani mahaifinsa direba ne, wani yayansa bakanike ne, wani kuwa ko ba komai a mota yake zuwa makaranta, a mota yake komawa gida hutu. Saboda haka ina roƙon iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai su ba ni aron hankalinsu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk wanda ya sayi mota ta hannu wadda bai san tarihinta ba, ya ɗauka ba a taɓa yi mata gyara ba tun da aka ƙera ta. Ya fara komai daga farko, sa'an nan ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubuta duk abin da aka yi mata tun daga ranar da ta shigo hannunsa.

Kowa a ƙasar Gumel ya san kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda ake kawo shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar da sauran wurare. In ka shiga kara ka tsaya ka ga yadda dattijo yake sayen sa, sai ka yi mamaki. Zai sa a buɗe bakin san ya dubi haƙora don ya san shekarunsa. Zai duba kofato, ya duba ido, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa, ya tambayi dillali daga wane gari aka kawo shi. Ba zai zaro ko kwabo ba sai ya gamsu. Amma wannan dattijon, ran da ya tafi Kano sayen mota, wadda kuɗinta ya ninka na san sau da yawa, sai ya kewaya ta sau biyu, ya shafa fenti, ya bugi taya da ƙafa, ya kunna rediyo. Dillali ya ce masa, "Alhaji, wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, ko wahala ba ta sha ba." Shi ke nan sai a yi sallama. In wannan ba cinikin biri a sama ba ne, to mene ne?

Iyayenmu sun ba mu labari cewa da ba haka abin yake ba. A shekarar 1975 kamfanin Peugeot, wanda muke kira Fijo, ya fara haɗa motoci a Kaduna, har ma'aikaci ko ɗan kasuwa yana iya sayen sabuwar 404 ko 504. Kowace sabuwar mota tana zuwa da ɗan littafinta, duk sa'ad da aka kai ta sabis a rubuta a buga hatimi. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tattalin arzikin nan da ake kira SAP, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka. Sai aka koma kan motocin da Turawa suka gama hawa, waɗanda ake lodawa a tashoshin jirgin ruwa irin na ƙasar Beljiyam a sauke a Kwatano ko Legas. Daga nan muka sami sunayen nan, 'yar Beljiyam da 'yar Kwatano. Abin kuwa ba ƙarami ba ne. A wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020, an nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka.

Kafin irin wannan mota ta iso Gumel ko Sule Tankarkar, sau da yawa ta bi hannu uku ko huɗu. Baturen farko ya hau ya sayar, wani a Legas ko Kano ya hau, wani ya yi haya da ita, sa'an nan ta zo mana. Littafinta kuwa tuni ya ɓace a hanya. Ta zo ke nan ba ta da baki, balle ta faɗi abin da ta sha.

Ni ganau ne ba jiyau ba. A ƙarshen 2023 kawuna ya sayar da riɗin da ya noma, ya haɗa da shanu biyu, ya tafi Kano ya sayo mota don ya riƙa ɗaukar fasinja. Ran Alhamis Maigatari, ran Lahadi Gujungu, sauran ranaku kuma Gagarawa ko Kano, duk inda lodi ya samu. Motar ta yi kyau ƙwarai, mitarta kuma tana nuna kilomita 138,000. Abin da ya yi mata kawai shi ne juyen baƙin mai, ya ce sauran sai abin da ya taso.

Bayan ƙaramar Sallar 2024 ina hutu, sai na riƙa bin sa ina karɓar masa kuɗin mota. Wata Alhamis mun cika da fasinja mun bar Gumel, ba mu kai Maigatari ba sai injin ya ɗauke ɗif, kamar an hure fitila. Babu ƙara, babu hayaƙi. Kawu ya murɗa makulli ya sake murɗawa, shiru. Muka tura ta gefen titi cikin zafin bazara. A cikin fasinjojin akwai wata mata mai goyo, da wani tsoho da ya zo da kuɗin sayen ragunan kiwo. Haka suka zauna a inuwar wata aduwa har rana ta take, kasuwa tana ci ba su. Kawu ya mayar wa kowa kuɗinsa yana ba da haƙuri, aka samo wata mota ta ja mu zuwa gareji.

Da bakanike ya kwance, sai ya ɗago wani bel mai haƙora wanda ya tsinke, ya ce, "Malam, yaushe rabon da a canja taimin bel ɗin nan?" Kawu ya ce, "Wallahi ban sani ba, haka na saye ta." Bakanike ya girgiza kai, ya bayyana mana cewa wannan bel shi ne yake daidaita motsin fistin da na bawul, in ya tsinke mota tana tafiya, a injuna da yawa sai fistin ya doki bawul ya lanƙwasa su, kuma abin da ya faru ke nan. Can kuma sai ya kira ni, ya ce, "Kai ɗan boko, zo ka karanta mana wannan." Wata 'yar takarda ce manne a cikin murfin injin, ƙura ta rufe ta. Yaren ban san shi ba, amma lamba ai ba ta da yare. An rubuta 2014, an kuma rubuta kilomita 212,000. Ashe bel ɗin ya shekara goma, kuma mitar da ta nuna mana 138,000 mayar da ita baya aka yi.

Sati bakwai motar ta yi a gareji. Bel ɗin da kuɗinsa bai kai na akuya ba, sai da gyaran ɓarnarsa ya ci saniyar da ta rage a gidan. Ɗan kawu, wanda muke aji ɗaya da shi, sai da ya makara sati biyu bai dawo makaranta ba don babu guzuri. Lalle ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Duk da haka mun gode wa Allah da abin ya tsaya a kan dukiya. Da birki ne ya ƙi, ko taya ce ta fashe a hanyar Kano, da wani labarin ake yi.

Daga abin da na koya a wannan gareji, da abin da malaminmu na fasaha ya ƙara mini, ga abin da ya kamata mai sabuwar tsohuwar mota ya yi kafin ya ɗauki ko fasinja ɗaya.

Da farko birki. A duba takalman birki, a zubar da tsohon man birki a zuba sabo. Man birki yana shan danshi a hankali, in ya tsufa kuma birki ya yi zafi, sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a canja shi duk shekara biyu.

Na biyu taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da suke faɗin ranar haihuwarta. In ka ga 2319, watau an yi ta a sati na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha jan kunnen direbobi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta bai siɗe ba, domin roba tana bushewa ta tsattsage. Har wa yau wasu tayoyin Beljiyam don ƙasar ƙanƙara aka yi su, ba don kwaltar Maigatari a watan Afrilu ba, sa'ad da zafi yake haura digiri 40.

Na uku bel. In injin mai taimin bel ne, kuma ba ka da tabbacin ranar da aka sa shi, to ka canja shi, kada ka jira. Yawancin motoci tsakanin kilomita 60,000 da 100,000 ake canja musu, ko bayan 'yan shekaru ko da ba a yi tafiyar ba. A haɗa da fanbel a duba.

Na huɗu mai da ruwa. A juye baƙin mai tare da filtarsa, a duba man giya, a wanke lagireto, a matsa robobin ruwa a ji ko sun bushe. Ruwan rijiya da muke ɗurawa yana barin gishiri da tsatsa a cikin lagireto har ya toshe, injin ya riƙa zafi. Gara a zuba ruwan da aka yi musamman don wannan aiki. Filtar iska kuwa a ƙasarmu ta rairayi, ga ƙurar hunturu, ba ta kai rabin kwanakin da take yi a Turai. In ta toshe mota ta riƙa shan mai, in ta huje ƙura ta shiga ta ci injin kamar yadda gara take cin azara.

Na biyar, a shiga ƙarƙashin motar a duba tsatsa, domin a ƙasashen sanyi gishiri ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, shi kuwa yana cin ƙarfe. A gwada lambar jikin mota da wadda take a takardun kwastan. In daga Amurka ta zo, a lura mitarta mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa ya ɗan ɗara kilomita ɗaya da rabi. A kuma leƙa cikin murfin injin da jikin ƙofa, ko Allah zai sa a dace da irin takardar da muka gani bayan aikin gama ya gama.

In an gama wannan sai littafi. Ba wani abu ba ne illa littafin rubutu mai shafi 40 irin namu. A ja layi shida: kwanan wata, abin da mita ta nuna, aikin da aka yi, irin man ko kayan da aka sa, garejin da aka yi, da kuɗin da aka kashe. Ko mitar an taɓa ta, tana da amfani, don abin da ake so shi ne tazarar da ke tsakanin gyara da gyara. In kuwa ta mutu ɗungum, sai a ƙirga sahu. Daga Gumel zuwa Kano kimanin kilomita 120 ne, zuwa da dawowa 240. In bakanike ya ce a yi juye duk kilomita 5,000, to sahu 21 ke nan, watau sati uku ga mai zuwa kullum. Direban da yake cewa sai wata uku yake juye, ya ga nisan da ya bari tsakaninsa da gaskiya.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Wani zai ce, mutum ya tattara duk abin da ya mallaka ya sayi mota, ina zai ga kuɗin wannan hidima, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kome ya yi tsada? Gaskiya ne. Amma wannan hidima tana cikin kuɗin motar, kamar yadda mai sayen sa yake lissafa dusa da harawa. In kuɗinka na mota ne cif, to bai kai ba tukuna. Ka nemi wadda ta fi sauƙi ka bar ragowa, ko ka ƙara haƙuri zuwa wata kaka. In kuma an riga an saya, a bi abin daki-daki, a fara da wanda ya shafi rai, watau birki da taya, sa'an nan bel da mai. Fenti da rediyo da labulen gilashi su jira. Tsadar kaya ma ita ce babbar hujjata, domin wanda bel ya gagara, injin zai fi gagararsa.

Wani kuma zai ce, abin da bai lalace ba me ya sa za a taɓa shi, ai bakanike da kunne yake jin ciwon mota. Ba na raina bakanikenmu, na ga wanda yake gane matsala tun mota ba ta shigo gareji ba. Amma kunne abin da ya fara ƙara yake ji. Bel ɗin kawu bai yi ko tari ba kafin ya tsinke, man birki ma ba ya kuka. Daɗin daɗawa, direba yau ya yi gyara a Gumel, gobe a Kano, jibi a Haɗeja, kowane bakanike ɗan yanki ya sani na labarin. Littafin ne kaɗai ya san duka. Ai ko a asibiti, uwa da katin rigakafi take zuwa, don ma'aikaciyar da ta tarar yau ba lalle ita ce ta jiya ba.

Akwai kuma masu cewa kome ƙaddara ne, abin da zai faru sai ya faru. Mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu na addini sun koya mana cewa dogara ga Allah ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa. Direban da ya ɗauki mutum goma, amanar gida goma ya ɗauka. In ya san bai san lafiyar birkinsa ba ya kuma hau titi, ba ƙaddara kaɗai za a tambaya ba.

Sai masu cewa direba bai iya boko ba. To ai da yawa sun iya ajami, kuma ajami yana rubuta kwanan wata. In ma babu, ina amfaninmu mu 'yan makaranta? A nan ne nake kira ga 'yan'uwana. Lissafin da muke yi a allo, ga inda zai yi aiki a gida. Ni nake riƙe da littafin motar kawu tun ranar da ta fito daga gareji. In ina makaranta ƙanwata ce take rubutawa, in na dawo in duba. Ran nan na ce masa, "Kawu, saura sahu uku juye ya yi." Ya yi dariya ya ce, "To, Malam akawu, na ji." Washegari kuwa ya sayo mai. Tun daga lokacin motar tana ɓaci kamar kowace tsohuwar mota, amma ba ta sake kwana a daji ba.

Magana ta ƙarshe ga masu sayarwa. Wani yana tsoron littafi zai tona asirin motarsa ran da zai rabu da ita. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya yi bayani a babin ciniki cewa ɓoye aibin kaya bai halatta ba. Wanda ya mayar da mitar motar kawu baya ban san shi ba, ban san ko a wace ƙasa yake ba, amma na san saniyar gidanmu tana wuyansa. Kuma in aka lura, mai littafi shi ne da riba. In aka ajiye maka mota biyu iri ɗaya, ɗaya da tarihinta a rubuce, ɗaya sai rantsuwar dillali, wacce za ka ƙara wa kuɗi? In masu motocin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suka saba da wannan, har shugabannin tasha suka riƙa tambayar littafi kafin su ba mota layi, nan da 'yan shekaru mai saye zai riƙa cewa a ba shi littafi kamar yadda yake cewa a buɗe bakin sa.

Ba mu da ikon sanin abin da mota ta sha a hannun mutanen da, wannan ya wuce. Amma abin da za ta sha a hannunmu muna iya saninsa, kuma kuɗin saninsa littafi ɗaya ne da biro. Ina roƙon kowane ɗalibi da akwai mota ko babur a gidansu, in an tafi hutun nan ya ware littafi ɗaya daga cikin nasa, ya sami mahaifinsa ko yayansa cikin ladabi ya nuna masa wannan shafi. Iyayenmu kuma ina roƙon ku gafarce ni in na yi kaɗan-kaɗan a gabanku, abin da ya same mu ne ba na so ya sami wani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka a cikin sana'ar iyayenmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.